Kwarangwal ɗin roban da muka saya dan lesin anatomi: ƙashinsa ya yi, gaɓoɓinsa kuma da sauran magana

Masu ta tambayata a kan kwarangwal ɗin roban nan mai tsawon mutum, wai ya cancanci kuɗinsa ko a'a, toh ga amsa tun kafin na shiga dogon bayani. In ƙashi kake so ka sani, sunansa da siffarsa da inda yake zaune, saya kawai ba za ka yi da na sani ba. In kuma motsin gaɓoɓi ne damuwarka, irin tambayoyin nan da ke kada yara a jarrabawa, shi kaɗai ba zai fisshe ka ba, wani wajen ma ɓatar da kai zai yi kana ganin ka gane.

Ina yi wa ɗalibai lesin da yamma a unguwarmu, yawancinsu 'yan makarantar nas ne da 'yan helt tek sai ɗai-ɗaikun 'yan fisiyo masu ajin farko, mu muka yi karo-karo muka saye shi dan zane a allo ya gaji da mu. A wani shagon kayan asibiti muka samu a titin Zariya, cikin jerin shagunan nan da ke kusa da asibitin Malam Aminu Kano a nan Kano. Iri biyu ne a wajensu, akwai ƙarami mai tsawon santimita 85 wanda ake ɗorawa a tebur, akwai babba mai santimita 170 da ke tsaye a kan ƙarfe mai taya biyar. Duka 'yan Chana ne. Farashi kam ba zan rubuta ba dan dala ce ke juya shi, abin da na biya ba shi za a ce maka ba, amma babban ya ninka ƙaramin sau da yawa. Akwai na wani kamfanin Jamus, 3B Scientific, wanda manyan makarantu ke saya, shi wannan ko tayawa ba mu yi ba, ba sa'anmu bane.

Mai shagon dattijo ne mai kirki amma da farko ƙin buɗe kwalin ya yi, yace Malam ai wannan in an buɗe an saya. Nace haba Alhaji, abin da yake gunduwa-gunduwa a cikin kwali ya za a yi na biya ban ƙirga ba, in na je gida na tarar ba hannu ɗaya fa? Ya yi dariya yace yaronsa ya buɗe. Kai daban yake zuwa a leda, gangar jiki daban, hannuwa da ƙafafuwa daban, sai ƙarfen tsayuwar da 'yar ledar notina. Yaron shagon yace bari ya haɗa min na gani, ya haɗa tsaf cikin sauri abinsa, sai da ya gama na lura ƙafar dama ya saka a hagu, ta hagu a dama, siririn ƙashin ƙwaurin nan fibula yana ta ciki manyan yatsun ƙafa suna kallon waje. Nace masa ɗan'uwa wannan mutumin naka ko asibitin ƙashi na Dala aka kai shi sai sun yi taro a kansa. Bai ji haushi ba ya kwance ya sake. Na faɗi wannan ne dan duk wanda zai saya ya riƙe, fibula kullum ta waje take, ita ce ƙarshenta ya zama idon sawun waje, in ka ga ta koma ciki an juya maka ƙafa. Rasit ɗinsu an rubuta ba a dawo da kaya, amma da na koma nace noti ɗaya na kafaɗa bai cika ba sun ba ni ba gardama, wannan na yaba musu. Takardar bayani kuwa falle ɗaya ce da ƙananan rubutu, ba abin da za ta ƙara maka.

Tambayar da kowa ke fara yi in ya shigo ita ce wai ƙashin mutum ne na gaske? Roba ce, irin robar fayif mai tauri, har warinta kake ji kwanakin farko. Da can makarantun likitanci na duniya ƙashin mutane na gaske suke saya kuma akasari daga Indiya ake fitar da shi, sai a 1985 Indiya ta hana fitar da shi, daga nan na roba ya ci kasuwa. Duk da haka ni zani nake lulluɓa masa in an tashi, dan yaran maƙota sun mayar da tagar ɗakin gidan kallo, Hajiyarmu kuwa cewa ta yi kar ta kuskura ta gan shi a tsakar gida.

Ta ɓangaren ƙashi gaskiya sun yi ƙoƙari. Babban mutum ƙashinsa 206, shi wannan in ka ƙirga ba za ka samu haka ba dan ba ƙananan ƙasusuwan cikin kunne guda 6, uku kowane kunne, kuma namu bai zo da ɗan ƙashin maƙogwaron nan da harshe ke ɗamfare da shi ba, wanda shi kaɗai ne ƙashin da bai haɗa gaɓa da kowane ƙashi ba. Sauran duk suna nan. Haƙarƙari 12 kowane gefe, ƙashin wuya 7, na ƙirji 12, na kwankwaso 5, hannu ɗaya ƙashi 27, ƙafa 26, na sa ɗalibai sun ƙirga da yatsa sun samu daidai. Abin da za ka kiyaye shi ne layin da injin zuba roba ya bari a jikin dogayen ƙasusuwan, wani siririn tudu ne da ke bin tsawon ƙashin cinya da na damtse, wata ɗalibata har ta fara nemar masa suna a littafi.

Toh mu zo kan gaɓoɓi dan nan ne maganar take. Littafi ya raba su gida uku gwargwadon abin da ya haɗa ƙashi da ƙashi. Akwai waɗanda zare mai tauri ya ɗinke su ba sa motsi ko kuma motsin kaɗan ne ƙwarai, akwai waɗanda guringuntsi ya haɗa, sai masu ruwa a ciki da ake kira sainobiyal waɗanda su ne ke yin kusan duk motsin da ido ke gani. Abin mamaki kwarangwal ɗin ya fi iya nuna na farkon, wato waɗanda ba sa motsi, dan dama roba ba ta motsi sai ta dace. Ɗinkin ƙoƙon kai ya fito raɗau, zigizag ɗin nan da ya ratsa daga kunne zuwa kunne da wanda ya bi tsakiyar kai zuwa ƙeya, kana sa farce kana jinsa. A nan nake nuna musu inda maɗigar jariri take, mahaɗar ɗinkin gaba da na tsakiya, wadda ke rufewa wajen shekara ɗaya da rabi, ta ƙeya kuma tun wata biyu zuwa uku ta rufe. 'Yan nas suna son wannan wajen dan sun san za su taɓa maɗiga a wajen aiki, in ta faɗa ciki alamar ruwan jikin yaro ya ƙare ne. Saman kan yana cirewa ka leƙa ciki, sai dai 'yan ƙugiyoyin da ke riƙe shi ba su da ƙwari, ɗaya ta riga ta saki. Haƙora uku na ƙasa suna fita, da su nake nuna cewa zaman haƙori a cikin raminsa ma gaɓa ce a lissafin anatomi, abin da yawancin ɗalibai ba sa yarda sai sun gani a littafi.

Masu guringuntsi ma ba laifi. Faifan da ke tsakanin ƙasusuwan baya sun yi shi da roba mai ɗan laushi mai launi daban, guda 23 kamar yadda yake a jiki, kuma sun kiyaye ba su saka shi tsakanin ƙashin wuya na ɗaya da na biyu ba, wanda haka ne daidai. Mahaɗar gaban ƙugu ita ma an saka mata nata, wajen nan da ke ɗan saki lokacin goyon ciki har wasu matan su riƙa jin ciwo in sun ɗaga ƙafa za su hau gado ko adaidaita. Matsalar ita ce sandar ƙarfe suka zura tun daga ƙugu har cikin kai, dan haka bayan a sandare yake ƙiƙam. Ba sunkuyo, ba miƙewa baya, ba karkata gefe, ba juyawa. Duk motsin ƙashin baya sai dai ka tashi ɗalibi tsaye ka nuna a jikinsa.

Wuyan ne ya fara ba ni haushi. Ƙashi na farko atlas da na biyu aksis siffarsu ta fito da kyau, har ɗan tsinin nan na aksis da ya shige cikin zoben atlas kana ganinsa, shi ne misalin gaɓa mai juyawa a kan turke da kowane littafi ke kawowa. In ka yi sallama a ƙarshen salla ka waiga dama ka waiga hagu, kusan rabin wannan juyawar a wannan gaɓar kaɗai ake yinta, gyaɗa kai na eh kuma a samanta ne, tsakanin ƙoƙon kai da atlas. Amma a kwarangwal ɗin atlas da aksis a manne suke ba sa ko gezau, kan ne kawai ke juyawa a kan sandar ƙarfen, kuma juyawa yake har ya kalli baya ya zagayo. Yara dariya suke yi, ni kuma abin da ke damuna shi ne wanda ya koya a haka zai ɗauka kai ne ke juyawa a kan atlas.

Kafaɗa kuwa rabi da rabi ce. Siffar ta nuna abin da nake so, kan ƙashin damtse dunƙulalle babba, gurbin da yake zama a jikin allon kafaɗa kuma ɗan fage ne marar zurfi, kamar ka ɗora lemon zaƙi a kan murfin kwalba. Kana gani ka gane dalilin da ya sa kafaɗa ta fi kowace gaɓa sakewa kuma ita ce babbar gaɓar da ta fi gocewa, yawanci ta gaba take fita, irin wanda ke samun 'yan ƙwallo da waɗanda suka faɗo daga mashin suka dafa ƙasa. Sai ka sauko ƙugu ka ga irin gaɓar ce dai, dunƙule cikin gurbi, amma gurbin mai zurfi ne ya haɗiye kan ƙashin cinyar sosai, shi ya sa sai haɗari mai ƙarfi yake fitar da shi. Wannan kwatancen na kafaɗa da ƙugu shi kaɗai ya biya wani kaso na kuɗin, dan a hoto ba ka ganin zurfi. Kuma a nan Kano da muke da masu sikila da yawa, nuna kan ƙashin cinyar nan yana da amfani, shi ne wanda jini ke yanke masa ya fara mutuwa har yaro ya koma ɗingishi, wata uwa da ta rako 'yarta lesin da na nuna mata tace yau ta fahimci abin da likita yake ta faɗa musu.

Inda kafaɗar ta gaza, allon kafaɗar da sukurori aka ɗaure shi a jikin haƙarƙari. A jikin mai rai allon nan yawo yake, yana hawa in ka ɗage kafaɗa irin na oho, yana sauka, yana zamowa gaba in ka miƙa hannu za ka karɓi canji, yana komawa baya in ka banƙare ƙirji. Kuma in ka ɗaga hannu ta gefe har sama digiri 180, ba gaɓar kafaɗar ce ta yi duka ba, ita wajen 120 take bayarwa, sauran 60 ɗin allon ne ke juyawa ya cika. A kwarangwal ɗin kana ɗaga hannun ya kai daidai kafaɗa ko ya ɗan wuce sai ƙashi ya daki ƙashi ya tsaya, in ka matsa notin ya kwance. Abin da nake yi yanzu sai na sa namiji ɗaya ya cire riga ya juya baya, maza su sa hannu a ƙasan allon su ji yadda yake tafiya, matan kuma su gwada a junansu a gida.

Kafin na wuce, akwai abin da ya kamata mai saya ya gyara da hannunsa ranar farko. Duk sunayen motsin nan daga tsayuwa ɗaya ake auna su, mutum a tsaye, ƙafafu a haɗe suna kallon gaba, hannuwa a gefe, tafin hannu yana kallon gaba babban yatsa ta waje. Shi kuwa kwarangwal ɗin in ka sake shi tafin hannunsa cinya yake kallo ko baya. In ba ka juya ka ɗaure notin ba, ɗalibi zai dinga rikita wane ƙashin sangalin hannu ne na waje, alhali radiyos ne na ɓangaren babban yatsa, alna na ɓangaren ƙaramin.

Daga wannan tsayuwar, lanƙwasawa wato filekshin shi ne rage kusurwar gaɓa, miƙewa wato ekstenshin shi ne ƙara ta. Nesanta gaɓa daga tsakiyar jiki abdokshin, dawo da ita adokshin, su biyun nan a baki kusan ɗaya suke shi ya sa malamai a asibiti suke rarrabe harafin in suna faɗa. Haɗa huɗun a zagaye, irin yadda ake wulwula hannu, shi ne sakamdokshin. Waɗannan kam kwarangwal ɗin yana nuna su a kafaɗa da ƙugu daidai gwargwado. Amma tarkon da ake ɗana wa ɗalibai a jarrabawa ba a nan yake ba, yana wajen da dokar ta karkace. Gwiwa baya take lanƙwashewa ba gaba ba. Ware yatsun hannu daga yatsan tsakiya ake auna shi ba daga tsakiyar jiki ba, na ƙafa kuma daga yatsa na biyu. Babban yatsan hannu a juye yake da sauran, dan haka lanƙwasawarsa ratsa tafin hannu take yi. Ban da na gwiwar, duk waɗannan ba ko ɗaya da zai nuna maka dan yatsun waya aka zura musu aka ɗaure.

Gwiwar hannu ta yi, ita dama gaɓa ce mai buɗewa da rufewa ta hanya ɗaya irin ta hinji, ƙusa suka ratsa mata kuma aikin ya tafi, har ƙugiyar alna kana ganin yadda take faɗawa raminta a bayan ƙashin damtse ta hana hannu wuce miƙewa. Juyawar sangali ce ta zo da rabin aiki. In ka ɗaga hannu kana addu'a tafi yana sama, sufineshin kenan, ƙasusuwan biyu suna jere, in ka kife hannu ka dafa gwiwa a ruku'u ko ka dafa ƙasa a sujada, furoneshin, radiyos ya haye kan alna sun gitta, alna ba ta juya ba. A namu yana fara hayewa sai wayar da ta ɗaure su a tsintsiyar hannu ta riƙe, rabin hanya yake tsayawa. Ya isa ka gane wane ne ke yawo wane ne ke tsaye, amma bai kai wajen digiri 80 da hannun mutum ke yi kowane ɓangare ba.

Babban yatsa ne babbar asarar. Gaɓar gindinsa ita ce misalin gaɓar sirdi, fuska biyu kowacce ta lotsa ta wani gefen ta tasa ta wani, ita ke ba mu damar kai babban yatsa ya taɓa kan sauran yatsu, da ita kake riƙe biro da allura da jan carbi. A kwarangwal ɗin an manne ta, ko siffar sirdin ba ka gani sai ka kwance wayar, ni kuma ban ga dalilin ɓata hannun ba. Ƙananan ƙasusuwan tsintsiyar hannu guda 8 da ya kamata su riƙa ɗan zamewa a kan juna su ma a dunƙule suke. Wato cikin iri shida na gaɓoɓi masu ruwa, wanda zan ce ya nuna da kyau biyu ne, hinji da dunƙule cikin gurbi, mai juyawa ya nuna rabi, ta tsintsiyar hannu mai siffar ƙwai tana ɗan lilo gaba da baya kawai, sirdi da mai zamewa kuwa babu.

Gwiwa kuma, hmm. Sun mayar da ita hinji zalla da ƙusa a tsakiya, ƙoƙon gwiwar yana reto a jikin wani ɗan ƙarfe. Ba faifan guringuntsin nan biyu meniskos, ba jijiyoyin nan biyu da suka gitta a ciki waɗanda 'yan ƙwallo ke tsinkawa a yi ta jinya wata da watanni, ba na gefe. Gwiwar gaske ba buɗewa da rufewa kawai take ba, tana mirginawa tana zamewa, kuma in ta zo ƙarshen miƙewa ƙashin ƙwauri yana ɗan murɗawa waje ya kulle ta, shi ya sa kake iya doguwar tsayuwa a sahu ba tare da cinyarka ta gaji ba. Lanƙwasawarta ma a namu da ƙyar take wuce digiri 90, alhali zaman tahiya kaɗai yana kai gwiwa fiye da 140, wanda shi ne dalilin da dattawa masu ciwon gwiwa suke fara neman kujera a masallaci tun kafin tafiya ta gagare su. Idon sawu yana ɗaga ƙafa sama yana sauke ta ƙasa, toh wannan ya nuna, sama wajen digiri 20 ƙasa wajen 50 a jikin mutum. Amma juya tafin ƙafa ciki da waje, wanda a gaɓar da ke ƙarƙashin idon sawun ake yinsa, babu shi. Kuma shi ne mai muhimmanci dan yawancin targaɗen da ake kai wa masu ɗori ko asibiti ƙafa ce ta turguɗe ta ciki jijiyoyin waje suka ja.

Dabarar da ta cike min wannan giɓin ba a shagon kayan asibiti na samo ta ba, a wajen mahauta ne. Ka je abbatuwa da safe ko wajen mai naman unguwarku kace ya cire maka gaɓar ƙafar baya ta sa ko ta rago, wadda ke tsakanin cinya da ƙwauri can sama kusa da ciki, kar ya fasa ta da gatari. Ka jaddada masa ta baya, dan abin da muke ce wa gwiwa a ƙafar gaba ta dabba a anatomi tsintsiyar hannu ce. Ka sa reza ka buɗe jakar a hankali, ruwan nan mai yauƙi zai fito ka murza shi a yatsa, ka ga guringuntsi fari sumul yana sheƙi, ka ga faifan biyu, ka ja ƙashin gaba ka ga jijiyar da ta gitta ta miƙe ta hana shi tafiya. Ɗaliban da suka taɓa wannan da hannunsu ban ƙara jin sun manta abin da ke cikin gaɓa mai ruwa ba, kuma in an gama a wanke a yi farfesu ba a yi asara ba. A nan ne ma wani ya tambaye ni ƙarar da yatsu ke yi in an ja su, iska ce ke haɗa kumfa a cikin ruwan gaɓar, shi ya sa sai an ɗan jima kafin ya sake yin ƙara. Wani likita a Amurka, Donald Unger, ya shekara 60 yana jan yatsun hannu ɗaya suna ƙara ya bar ɗayan dan ya ga ko zai kawo ciwon gaɓoɓi, bai ga bambanci ba, har lambar yabon barkwanci ta Ig Nobel aka ba shi a 2009.

Muƙamuƙin yana da sifirin biyu, yana buɗewa ya rufe da ƙara kaf, yara sun fi son wajen. Shi ma dai buɗewar hinji kawai yake, bai zamowa gaba yadda na mutum ke yi in an wangale baki, ka sa yatsa a gaban kunnenka ka yi hamma za ka ji abin da nake nufi.

Maganar ƙarko, robar ƙashin kanta mai ƙwari ce, ya taɓa kifewa da wani ɗalibi ya ja shi ba abin da ya fashe sai haƙori ɗaya da ya yi tsalle muka nemo shi a ƙarƙashin benci. Ƙarfen tsayuwar ne ragon, tayoyin ƙanana ne na roba, a tayil suna tafiya amma a simintin da ya farfashe maƙalewa suke, kuma nauyin duk yana sama dan haka in za ka matsar da shi ka riƙe sandar, kar ka ja shi ta hannu. Notinan kafaɗa da ƙugu suna kwancewa da yawan motsi, ka aje ƙaramar sifana kusa. Ƙurar hunturu tana shiga ɗinkin kai da tsakanin haƙarƙari ta mayar da shi ja, tsumma mai ɗan danshi da tsohon buroshin haƙori sun isa, kar a sa masa fetur ko tina. Kar kuma a bar shi jikin taga a zafin Maris da Afrilu, faifan bayan namu na ɓangaren da rana ke duka har sun fara canja launi.

Ƙaramin mai santimita 85 ban ba ɗalibin lafiya shawarar sa ba, na duba shi a shagon, hannu da ƙafa a zube suke guda ɗaya ba a raba ƙasusuwan ba, na 'yan sakandare ne masu bayoloji. In ku biyar ne ko shida kuna karatu tare gara ku haɗa ku ɗauki babban, in kuɗi ya yi saura ku ƙara da samfurin gwiwa ita kaɗai mai jijiyoyin roba, suna da ita a shagon kuma ta fi gwiwar kwarangwal ɗin nesa ba kusa ba, sai ma'aunin kusurwar nan goniyomita na roba da bai kai kuɗin katin data na wata ba, da shi za ku auna gwiwa da kafaɗar juna ku ga lambobin littafi a jikin mutum. Kafin ka biya dai ka sa a haɗa shi a gabanka, ka ƙirga notina, ka ja sifirin ɗin muƙamuƙi, ka leƙa ko ɗan ƙashin maƙogwaron yana ciki dan an ce min wasu kwalayen suna zuwa da shi, sannan ka nemi a rage maka ko a haɗa maka da rigar ledar rufewa, mu sai daga baya muka ji ana bayar da ita.